Yadda ake binciken ma'aikata da masu aikin sa-kai kafin a ba su amanar matsugunin iyalai

A garinmu idan aka zo neman auren yarinya, ba a amsawa a ranar. Sai a ce wa masu nema su koma, za a neme su. Daga nan kawu ya hau babur ya nufi unguwarsu yaron, ya tambayi mai shago, ya tambayi liman, gwaggo kuma ta bi ta cikin gidaje ta ji daga bakin mata. A yi wata guda ana wannan, babu wanda ya taɓa cewa an ci mutuncin mai nema. Yarinya ɗaya ce fa. Amma ranar da ruwa ya ci unguwa, aka kwashe iyalai talatin aka sauke a makaranta, duk wanda ya zo ya ce "na zo taimako don Allah" sai a miƙa masa makullin sito, a nuna masa ɗakin yara, har a yi masa godiya.

Haka muka gani a daminar 2024, da ambaliya ta mamaye Mayo-Danay da Logon-da-Shari a nan arewacin Kamaru har gadar Yagwa ta karye. Haka aka gani a Disamban 2021, da rikicin Logon-Birni ya kai Kuseri, mata da yara suka tsallaka kogi zuwa Njamena. Mutanen kirki sun fito da yawa, Allah ya saka musu. Sai dai ƙofar da suka shiga a buɗe take ga kowa.

Ina cikin kwamitin wata ƙungiyar mata a Marwa da ke riƙe da gidan saukar iyalan da gobara ko ruwa ko rikici ya raba da muhallinsu. Wani dattijo da muke ganin girmansa ya taɓa kawo mana wani saurayi, mai fara'a, ba ya gajiya. Shi ke sauke buhuna, a hankali rabon dawa ya koma hannunsa. Bayan wata biyu wata mata da mijinta ya rasu ta ja ni bayan madafa, tana murza bakin mayafinta, ba ta kalle ni ba ta ce, "Hajiya, don Allah a canza mini lokacin karɓar awo, ba na son na bayan magariba." Mu kuwa ba mu da rabon bayan magariba. Ashe yana zaɓar matan da ba su da namiji a tare da su, ya ce sunansu bai fito ba, su dawo da dare ya duba musu. Sai bayan mun sallame shi muka ji cewa an taɓa korarsa a wani gari saboda irin wannan. Da mun buga waya sau ɗaya tak, da mun sani. Abin da zan jera a nan shi ne tsarin da muke bi tun daga lokacin.

Ku fara da kanku, kuma tun da rani

Matakin farko a zaman kwamiti yake. Ku zauna tun kafin hadari ya fara haɗuwa, ku rubuta ƙa'ida wadda ba ta wuce shafi ɗaya ba: duk wanda zai yi aiki a gidan, da albashi ko don lada, sai an bincike shi. Ku sa ta cikin dokokin cikin gida na ƙungiya, ku ajiye tare da takardun da kuka kai ofishin perfe lokacin yin rajista a ƙarƙashin dokar ƙungiyoyi ta 1990.

Sannan ku lissafa duk mai shiga gidan. Maigadi, mai girki, mai riƙe sito, mai rubuta sunaye, mai babur ɗin da ke kai mara lafiya asibiti, malamin da ke zuwa biya wa yara karatu, har mai ga-ruwa idan yana shiga tsakar gida. Abu uku za ku duba a kowane aiki: yana kaɗaita da yara? Yana kwana ko shiga da dare? Abinci ko kuɗi ko jerin sunaye yana bi ta hannunsa? Wanda aikinsa ya taɓa ɗaya daga cikin ukun nan, cikakken bincike za a yi masa. Kada kuma ku ɗauka maganar ta maza ce kawai. Akwai mai girkin da ke jibgar 'ya'yan mutane, akwai dillaliyar da za ta shigo da sunan taimako tana zawarcin 'yan mata zuwa aikatau a Yawunde ko Duwala.

Shugaba shi zai fara. Ranar da muka soma, shugabarmu, mace mai jikoki, ita ta fara ajiye takardarta a kan tabarma, sauran muka bi. Wannan ya kashe bakin duk mai shirin cewa "ni za a bincika?" Za ku ji ana cewa zato zunubi ne. Ku amsa da cewa zato shi ne a ware mutum ɗaya, ƙa'idar da ta hau kowa kuwa tsari ce. Idan babba ne ya kawo mutum, kada a aika yaro ya gaya masa. Ku je da kanku ku durƙusa ku ce, "Baba, ba wani abu muka gani a wurinsa ba. Ni ma na kawo tawa takardar, Hajiya babba ma ta kawo. 'Ya'yan mutane ne a hannunmu."

Takardar da zai cika

Ku shirya takarda ɗaya da kowa zai cika. A cikinta a sa cikakken suna da duk wani suna ko laƙabi da aka san shi da shi, sunan uba da na uwa, wurin haihuwa da shekara, unguwannin da ya zauna cikin shekara biyar da suka wuce, da wuraren da ya yi aiki ko da na sa-kai ne. A ƙara da mutum uku da za su ba da shaida a kansa, waɗanda ba danginsa ba. A ƙasa a yi masa tambaya uku kai tsaye: an taɓa yanke maka hukunci a kotu? Akwai shari'a a kanka yanzu? An taɓa raba ka da wani aiki saboda ƙorafin mace, ko yaro, ko dukiya? Layin ƙarshe ya zama izininsa ne cewa ya yarda a tambaya a kansa.

Wanda ba ya karatun Faransanci a karanta masa da harshen da yake ji, Hausa ko Fulatanci ko Larabcin Shuwa ko Barbarci, a gaban shaida, ya dangwala yatsa. Amfanin takardar nan biyu ne. Mai abin ɓoyewa sau da yawa daga nan yake cewa zai je ya dawo, shi ke nan. Wanda kuma ya yi ƙarya aka gano daga baya, ƙaryar kaɗai ta isa dalilin sallama, ba sai an tsaya jayayya ba.

Ku tabbatar shi ne

Ku karɓi katin ɗan ƙasa da takardar haihuwa, na asali, ku riƙe a hannu ku haɗa su. Wanda resipise ke hannunsa, wato takardar wucin gadi da ake ba mutum kafin katinsa ya fito, a karɓa, amma a dubi hoton a dubi fuskar. Wurin nan yana son natsuwa, domin sunayenmu suna da saurin rikiɗa a alƙalamin Faransanci. Mutum ɗaya a takarda ɗaya Mohamadou ne, a wata Hamadou, a ta uku Mahamat. Dattawa da yawa an rubuta musu "né vers", wato an haife shi wajejen shekara kaza, babu rana babu wata. Wani kuma ya sake takarda don rage shekaru, ya koma yana da haihuwa biyu a gari biyu. Yawancin wannan ba da mugun nufi aka yi ba. Amma rajistar kotu da suna da sunan iyaye da wurin haihuwa take gane mutum, saboda haka mai haihuwa biyu zai iya kawo muku takarda fes daga garin da ba a san shi ba. Idan kun ga saɓani ku tambaye shi, ku rubuta amsar, ku gwada ta da abin da za ku ji a unguwa.

Kaziye: inda ake samunsa da yadda ake karanta shi

Takardar da muke kira kaziye, wadda ke nuna ko kotu ta taɓa yanke wa mutum hukunci, sunanta a bakin ma'aikatan kotu extrait de casier judiciaire, kuma wadda za ku nema ita ce bulletin n°3. Dokar tsarin shari'ar laifuka ta Kamaru, wadda aka sa wa hannu a Yulin 2005 ta fara aiki a farkon 2007, ta kasa takardun da ake cirowa daga rajistar hukuncin kotu gida uku. Ta ɗaya ta alƙalai ce, ta biyu ta hukumomin gwamnati, ta uku ita ce ake ba mutum a kan kansa. Ƙungiya ba za ta je ta karɓo kaziyen wani a bayan idonsa ba, shi zai nema ya kawo.

Ana neman sa a ofishin magatakardan kotun matakin farko da ke kula da wurin da aka haifi mutum, ba inda yake zaune ba. Dalilin shi ne idan kotu ta yanke wa mutum hukunci, takardar hukuncin mahaifarsa ake aikawa. Wanda aka haifa a Mora aka ɗaure shi a Duwala, a Mora labarinsa yake. Saboda haka ɗan Mokolo ya tafi Mokolo, ɗan Yagwa ya tafi Yagwa, ɗan Gidar ya tafi Gidar, ɗan Garwa ya tafi Garwa. Wanda aka haifa a ƙasar waje, da baƙo ɗan wata ƙasa, nasu yana babbar rajista a ma'aikatar shari'a a Yawunde.

Zai tafi da takardar neman da ya rubuta, da kwafin takardar haihuwa da katinsa, da kan sarkin haraji, wato timbir, wanda tun 2023 ya tashi daga sefa 1,000 ya koma 1,500. Shawarata ƙungiya ta ɗauki wannan nauyi har da kuɗin mota. Mutumin da ya zo aikin lada bai kamata a ce ya sayar da akuyarsa don ya taimake ku ba. Ku biya bayan ya kawo takarda, ko ɗan kwamiti ya raka shi. Ku ja masa kunne a kan 'yan kamashon bakin kotu, masu tare mutum su ce kawo a yi maka yanzu-yanzu. Ya shiga ciki ya miƙa da hannunsa.

In ya kawo, ku karɓi ta asali, banda hoto a waya, banda kwafi. Ku dubi kwanan wata, kada ta wuce wata uku, haka gwamnati ma take nema a takardun jarrabawar ɗaukar aiki. Ku gwada sunansa da na iyayensa da wurin haihuwa da abin da ke katinsa, harafi da harafi. Ku dubi sunan kotun, ya dace da mahaifarsa? Ku dubi hatimi da sa hannun babban magatakarda da na mai gabatar da ƙara. A tsakiya, idan babu komai a kansa, za ku ga an rubuta NEANT. Idan takardar ta yi muku wani iri, an goge wani wuri ko hatimin ya yi dishi-dishi, ku ɗauke ta ku koma ofishin da ya bayar ku nemi a tabbatar muku.

Yanzu ga abin da nake so ya zauna a ran kowa. NEANT ma'anarsa ba a sami hukuncin ɗauri da aka rubuta a kansa a wannan rajista ba. Iyakarsa ke nan. Shari'ar da ba a gama ba ba ta fitowa. Hukuncin da afuwa ta shafe ba ya fitowa. Abin da ya aikata a Mubi ko Njamena ba ya fitowa. Takardar hukuncin da ta maƙale a hanya tsakanin kotu da kotu ba ta fitowa. Sannan babban abin: laifin da muka fi tsoro a gidan da yara suke, yawancinsa ba ya isa gaban alƙali. A zaure ake kashe shi. A ce a rufa asiri, a ce a sasanta, a ce a bar wa Allah, wani lokaci ma a ɗaura wa yarinyar aure da wanda ya cuce ta. Saurayin nan namu, da ya je kotu, na tabbata takarda fara zai kawo mana. To me ya sa za a wahala a nema? Domin tana tare wanda aka riga aka ɗaure, kuma tana sanar da kowa cewa gidan nan ana dubawa.

Ɗan wata ƙasa da marar takarda

Mu mutanen iyaka ne, wannan kullum zai taso. Ɗan Chadi ya kawo kaziye daga kotun ƙasarsa, tsarin nasu da namu kusan ɗaya ne. Ɗan Najeriya akwai takardar shaidar hali da 'yan sandansu ke bayarwa, kuma tun Nuwamban 2019 hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane tana riƙe da rajistar waɗanda aka samu da laifin fyaɗe. Ɗan Kamarun da ya yi shekaru yana zaune a can, a nemi ta nan da ta can.

Ɗan gudun hijira kuwa, irin 'yan uwanmu na sansanin Minawawo da aka buɗe kusa da Mokolo a 2013, kada a ce ya koma ƙasar da ya gudo don neman takarda. A karɓi shaidarsa ta hukumar 'yan gudun hijira, a tambayi shugabannin ɓangaren da ya zauna da ƙungiyoyin da ya yi wa aiki. Wanda ba shi da takardar haihuwa sam, ku taimaka masa ya nemi hukuncin kotu da ke maye gurbinta, wanda ake kira jugement supplétif. Kafin ta fito kada ku kore shi, rashin takarda a ƙauyukanmu ba laifi ba ne. Ku ba shi aikin rana a bainar jama'a, ku ninka binciken baki a kansa.

Binciken baki

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mutane suka fi jin nauyi. Malamai suna kawo labarin wani da ya zo yabon wani a gaban Sayyidina Umar. Sai Umar ya tambaye shi: maƙwabcinsa ne kai da ka san darensa da ranarsa? Ka taɓa tafiya da shi? Kuɗi ya taɓa haɗa ku? Da ya ce a'a, sai ya ce masa to ba ka san shi ba. Irin waɗannan mutum uku za ku nema: wanda ya yi maƙwabtaka da shi, wanda ya yi aiki da shi, wanda amana ta haɗa su. Wanda ya san shi a sahun masallaci ko a bencin coci kawai, shaidarsa ba ta isa ba.

Ku tafi mutum biyu, namiji da mace. Namijin ya fara da gaisuwa wurin mai unguwa, ko jauro, ko lawan, ko bulama, gwargwadon yadda ake kiransa a wurin. Ya ce, "Ranka ya daɗe, wane na unguwarka ya nemi aiki a gidan da muke sauke mata da yara. Mun zo mu ji ko maganarsa ta taɓa zuwa gabanka." Daga nan ya ga liman ko fasto. Macen kuma ta shiga inda maganar gaskiya take yawo: bakin famfo, wurin injin niƙa, gidan ungozoma, wurin mai ƙosai. Abin da aka kashe a zaure, a tsakar gida yana nan da ransa.

Kada ku tambaya "yaya halinsa?" Amsar a shirye take, ba shi da matsala. Ki ce wa matar, "Inna, da za ki yi tafiyar kwana biyu, za ki bar 'yarki a gidan da yake gadi?" Sannan ki yi shiru ki saurara. Idan ta ce "me zai hana" tun ba ki rufe baki ba, amsa ce. Idan ta sunkuyar da kai ta ce "to, Allah dai ya kyauta", ko ta ce "ɗan yau ne, ka haife shi ba ka haifi halinsa ba", wannan ma amsa ce, kada ki wuce ta. Ki dawo wata rana ke kaɗai. Mai tsoron giba a tuna masa da Fatima 'yar Ƙais, da ta je neman shawara wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a kan mutum biyu da suka nemi aurenta. Ya gaya mata cewa Abu Jahm ba ya sauke sanda daga kafaɗarsa, Mu'awiya kuma ba shi da dukiya. Faɗar aibin mutum ga wanda zai ba shi amana nasiha ce.

Sai tsohon wurin aikinsa. Kada ku tsaya ga lambar da ya ba ku, tana iya zama ta abokinsa. Ku nemo ta shugaban wurin da kanku. Tambayoyi huɗu sun isa: daga yaushe zuwa yaushe ya yi muku aiki, me ya raba ku, an taɓa kawo ƙorafi a kansa, kuma za ku sake ɗaukarsa aikin da ya shafi yara? Idan babbar ƙungiyar agaji ce, ku rubuta wasiƙa da hatiminku, ku haɗa da izinin da ya sa wa hannu. Su ma sun sha wannan ɗacin. A 2002 wani bincike a sansanonin Gini da Laberiya da Saliyo ya fallasa yadda wasu ma'aikatan agaji ke musayar abinci da jikin 'yan mata, kuma tun 2019 da yawa daga cikin manyan ƙungiyoyin suna da yarjejeniyar sanar da juna halin wanda suka sallama. Wasiƙarku ba za ta zo musu baƙuwa ba.

Amma a auna abin da aka ji. Akwai kishi, akwai tsohuwar gabar gona, akwai ƙiyayyar ƙabila da rikici ya bari a zukata. A kan kowace magana ku rubuta: mai faɗar ya gani ne, ko ya ji? Daga wa? Sai magana ta fito daga baki biyu da ba su haɗa hanya ba sannan ku ɗora hukunci a kanta. Kuma ta tsaya a cikin kwamiti. Yaɗa ta a gari zalunci ne, sannan sashe na 305 na kundin laifuka yana hukunta ɓata suna.

Zama da shi, da yanke shawara

Ku zauna da shi mutum uku, a samu mace a ciki. Ku tambaye shi shekarun da suka ɓace a takardarsa, ina yake, me yake yi. Ku kawo masa misali: yarinya 'yar shekara goma sha uku ta zo wurinka da dare tana kuka, me za ka yi? Mai hankali zai ce zai kira mace ko uwarta. Idan kun ji wani abu a kansa, ku gaya masa ba tare da ambaton wanda ya faɗa ba, ku ji ta bakinsa.

Akwai laifukan da babu sassauci a kansu, ko shekara nawa ta wuce: fyaɗe, wanda sashe na 296 na kundin laifuka na 2016 ya hukunta, lalata da yaro ɗan ƙasa da shekara 16 a sashe na 346, matsa wa mace don neman lalata a sashe na 302-1, auren dole a sashe na 356, da safarar mutane da dokar Disamban 2011 ta haramta. Haka mai azabtar da yara. Mai irin wannan ko ya tuba, tubarsa tsakaninsa da Ubangijinsa ce, amma ba a ba kura ajiyar nama.

Sauran kuwa a duba su da adalci. Wanda ya yi sata yana saurayi, ya yi zamansa ya fito, shekara goma yana sana'arsa lafiya, kuma shi ya faɗa muku da bakinsa, yana iya yin gini ko sauke kaya, a dai raba shi da sito da kuɗi. Ku tuna kuma a yankin nan an kama mutane da dama a shekarun rikicin Boko Haram, wasu suka daɗe a tsare aka sake su ba tare da hukunci ba. Zaman kurkuku ba shi ne samun mutum da laifi ba. Wanda kuka ƙi ɗauka a gaya masa a keɓe, a taƙaice, ba a gaban jama'a ba.

Idan ruwa ya zo da dare

Ambaliya ba ta jiran kotu ta buɗe. Shi ya sa na ce a fara da rani, a tara mutum goma ko ashirin da aka gama bincikensu, lambobinsu na hannun sakatare. Sababbin da za su zo a ranar a karɓe su, amma a rubuta suna da lambar kati, a ɗauki hoto, wani sananne ya tsaya musu. Kada su kwana, kada su riƙe makulli ko jerin sunaye, kada su shiga wurin kwanan mata ko bayan gida, kuma kowanne a haɗa shi da wanda aka riga aka bincika. A ɗaura wa tantattu ƙyalle mai launi ɗaya a hannu don mazauna su gane. Wanda zai wuce mako biyu ya bi duk matakan da ke sama.

Bayan an ɗauka

Ya sa hannu a kan ƙa'idar aiki. Ku ari abin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta shimfiɗa wa ma'aikatanta tun 2003: babu wata hulɗar jiki da wanda bai kai shekara 18 ba, babu musayar abinci ko kuɗi ko aiki da jikin kowa. Mu mun ƙara namu: babu neman aure a cikin mazauna gidan muddin suna hannunmu, babu ba yaro kyauta a ɓoye, babu ɗaukar hoton yara, rabo kuma da rana ake yi, mutum biyu a kan mudu. Wata ukun farko gwaji ne. Ku tara mazauna gidan ku gaya musu da baki cewa komai kyauta ne, ku nuna musu mace ɗaya da namiji ɗaya da za a kai wa kuka, waɗanda ba su da hannu a rabo.

Takardun mutane a sa su a akwati mai makulli, mutum biyu kawai ke buɗewa. Kada a tura kaziyen kowa a zauren WhatsApp. Tun Disamban 2024 Kamaru tana da dokar kare bayanan mutane, ko babu ita ma sirri amana ne. Wanda ba a ɗauka ba a mayar masa da takardunsa. Kowace shekara, kafin damina, kowa ya sabunta kaziye, har shugaba.

Idan duk da haka abu ya faru, a janye mutumin daga aiki a ranar. Wanda aka cutar a kai shi asibiti kafin awa 72 ta cika, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau a cikin wannan lokaci yake aiki. Idan yaro ne a sanar da cibiyar jin daɗin jama'a ta gwamnati da jandarma ko 'yan sanda, kada a yarda da zaman zaure. Idan babbar mace ce a gaya mata hanyoyin da take da su, a raka ta inda ta zaɓa.

Wata rana kuma wayarku za ta yi ƙara, wani daga Ngaundere ko Kuseri yana tambaya a kan wanda kuka sallama. Ku tabbatar da mai kiran da ƙungiyarsa tukuna, sannan ku buɗe akwati ku karanta masa abin da ke rubuce: "Ya yi mana aiki daga wata kaza zuwa wata kaza. An kawo ƙorafi a kansa, kwamiti ya bincika ya sallame shi. Ba za mu sake ɗaukarsa aikin da ya shafi mata da yara ba."